Shekarar da Muka Toshe Hanyar Makara

Hannatu ce ta jawo wannan babin. Ranar da muka je Muciya gaishe da dangi, wani dattijo ya nuna mata matakalar da ke kusurwar firamaren unguwar, ya ce ubanta ne ya gina ta, kuma da ita aka kashe wata fitina. Ta dawo gida tana ta ba ku labari, ku ƙannenta, har da ƙari. Ban ce komai ba a ranar, don ba na son yanke wa yaro jin daɗinsa. Amma abin ya tsaya mini a rai. Dattijon bai yi ƙarya ba, sai dai daga tsakiya ya ɗauko labarin. Fitinar da ya ce na kashe, ni na kunna ta, kuma da shiru na kunna ta. Gara ku ji daga bakina.

A shekarar na gama jami'a a Samaru, ina zaune a gidan kakarku Saratu ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Babana ya rasu shekara huɗu kafin nan, in ban yi kuskure ba. Ƙofar gidanmu tana kallon filin firamaren, makarantar kuwa ba katanga ba shinge. 'Yan acaba masu ɗauko ma'aikata daga masana'antun Cikaji sun mai da filin hanya don ya rage musu zagaye, suna ratsawa ta tsakiyar yara ko da an fito tara. Wata rana ina tsaye a ƙofar gida wani ya banke wata 'yar aji biyu mai suna Ladidi, hannunta ya karye, shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba. Kwana biyu ina jin ƙarar faɗuwar yarinyar nan a kunnena.

A lokacin muna da ƙungiyar ɗalibai 'yan sa kai a Samaru. In an yi hutu mukan ɗauki firamare guda mu haɗa hannu da ita: mu koyar ranar Asabar, mu gyara benci, mu shafa wa allo baƙi. Ni ne magatakarda, don ni kaɗai ke da haƙurin rubuta abin da kowa ya faɗa. Shugabanmu Nasiru, ɗan Katsina, yana karatun tsara birane, mutum ne mai zafin nama wanda in ya yanke magana ba ya komawa kanta. Akwai kuma Rahila, mahaifiyarku, wadda a lokacin ko gaisuwata ba ta amsawa da kyau. Ita ta laƙaba mini Malam Wataƙila, saboda ba na iya faɗin abu kai tsaye sai na sa masa wataƙila a gaba da ina jin a baya. Ni na roƙi ƙungiyar ta ɗauki firamaren unguwarmu a wannan hutun, kuma aka amince za a kewaye ta da shingen cin-da-zugu, tunda awaki ba sa cinsa, a ja waya mai ƙaya har ya kama ƙasa.

Muka yi taro a wani aji, mu wajen ashirin, da hedimasta, wanda wata uku ke nan da aka kawo shi daga wata ƙaramar hukuma. Nasiru ya ɗauki alli ya zana filin a allo. Ya sa ƙofa ɗaya a gaba, ya ja layi ya rufe sauran duka, har da kusurwar arewa inda tsamiya take. Da allin ya ratsa kusurwar nan na dakata da rubutu, don na san abin da ke bi ta wajen. Ba 'yan acaba kaɗai ba ne. Ta nan Musulmin unguwarmu ke fita da gawa zuwa maƙabarta, tun kafin a gina makarantar. Muna yara in muna ƙwallo a filin muka hango makara, Mama kan daka mana tsawa daga ƙofar gida mu tsaya cak, mu riƙe ƙwallon, har sai mutum na ƙarshe ya wuce. Ban san sau nawa na tsaya haka ba.

Sai na ɗaga hannu na ce, "Wataƙila da an bar 'yar kafa a wajen tsamiyar can."

Nasiru ya ce, "Dalili?"

"Mutane kan wuce ta nan wani lokaci."

"To, Malam Ayuba, ai masu wucewar muka zo tarewa. Ko wataƙila mu bar wa 'yan acaba ƙofarsu ta musamman, mu sa mata fenti?"

Aka fashe da dariya. Rahila ta ce a rubuta a littafi, yau Malam Wataƙila ya kawo shawara kuma wataƙila ya janye ta. Ni ma na yi dariyar, na sunkuyar da kai, na rubuta da hannuna cewa an amince da ƙofa ɗaya.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya riƙe mini baki, kuma ba zan ce na gama ganewa ba. Shekarun nan ne da jiharmu ta sha wuya, kowa yana auna maganarsa kafin ta fito, musamman in ta taɓa addinin maƙwabcinsa. Na ce a raina: Nasiru Musulmi ne, rabin ɗakin nan Musulmi ne, hedimasta ma haka, in maganar tana da nauyi su za su ɗauko ta, me zai sa ni ɗan coci in tsoma baki a zancen gawarsu? Abin da ban tsaya na lura da shi ba, duk ɗakin ni kaɗai ne ɗan unguwar. Su ba su taɓa tsayawa da ƙwallo a hannu a filin nan ba. Da muka kai wa mai unguwa takardar neman izini kuwa, bai ko buɗe zanen ba. Ya dube ni ya ce tunda ɗan Saratu yana ciki ba sai ya duba ba, Allah ya taimaka. Na ce amin.

Mama ce kaɗai ta tambaya. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kun dai bar musu hanyarsu ko?"

"Ana kan duba maganar, Mama."

"Wa ke dubawa?"

"Kwamiti."

Ta ce to, ta ci gaba da tsintarta.

Asabar uku muka yi muna aikin, a farkon damina, kuma har yau ban ga aikin gayya mai daɗinsa ba. Ɗalibai suna sauka daga motar Samaru da fatanya a kafaɗa. Iyayen yara suka fito. Wasu ma'aikatan Cikaji suka kawo guntayen ƙarafa muka yi turaku da su. Matan zumunta na cocinmu suka dama kunu, matan gidan liman suka aiko da ɗanwake, aka ci a tire ɗaya a ƙarƙashin mangwaro. Daga gaba muka fara, kusurwar tsamiya ce ta ƙarshe, kuma muka ja wayarta da yammacin Asabar ta uku bayan mutanen unguwa sun watse. Ni na riƙe turken, Nasiru yana bugawa. Na gaya wa kaina cewa ranar Litinin zan sami hedimasta mu yi magana a natse. Litinin ta zo na ce Laraba.

Ranar Laraba da hantsi Malam Idi tela ya rasu, mutumin da ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina aji ɗaya. Bayan azahar aka yi masa salla aka ɗauko shi. Ina ƙofar gida na ga jama'a sun karyo kwana da makara a kafaɗa, da saurin nan da ake yi da gawa, har suka iso tsamiya. Sai na gaba suka ja birki, na baya suka matso su, makarar ta yi tangal-tangal. In za a juya, sai an koma ta babban titi a ratsa tsakanin manyan motoci, tafiyar da ta ninka wannan sau uku, kuma ba wanda ya taɓa ganin an juya da gawa a unguwar nan. Suka tsaya da mamaci a rana. Wani ya ruga wajen mai gyaran babur ya karɓo filaya, aka datse wayar, aka tattake dashen aka wuce. Daga cikin taron na ji wata murya ta ce, "Da gangan suka yi."

Kafin la'asar matasa sun tumɓuke gefen arewa gaba ɗaya. Kafin gari ya waye labari ya canza kama: ba ɗaliban Samaru ba ne kuma, yaran coci ne, kuma ɗan Saratu ne ya kawo su. Mama ta je gidan rasuwa gaisuwa, matan da suka yi shekara talatin suna aron turmi a hannun juna suka amsa mata da baki ɗaya-ɗaya, ba wadda ta matsa mata a tabarma. Hedimasta ya aiko cewa zai rubuta a raba haɗin gwiwar, a kwashe sauran wayar kafin abin ya girma. Ran nan da yamma kuwa na ga ɗan acaba na farko ya sake ratsa filin.

Washegari na hau mota zuwa Samaru, muka zauna da Nasiru da Rahila a wajen mai shayi. Nasiru ya riga ya shirya abin da za a faɗa.

"Magana ɗaya ce. Mu baƙi ne, ba wanda ya sani, a yi haƙuri. Kai kuma ka ce ka daɗe a makaranta ka manta. Shi ke nan an wuce wajen."

Na ce, "Ban manta ba."

Ya ajiye kofinsa. "Me ka ce?"

"Na sani tun ranar da ka zana. Abin da nake nufi da 'yar kafa ke nan."

Ya ture kofin gefe. Sannan ya ce, "Ka bar ni na buga turke a hanyar gawa da hannuna, kana riƙe mini. Wallahi Ayuba ka cuce ni. Kuma in ka je ka faɗi haka a gabansu, ka tabbatar musu da gangan ne. Ka rufe bakinka, ai ka iya."

Rahila ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce, "In ya ce ya manta, wa zai yarda? A ƙofar filin aka haife shi."

Na dawo gida ina ta juya maganar. Shawarar Nasiru ba ta banza ba ce, har yau ina ganin tana da hujja. In na faɗi gaskiya tana iya zama man fetur. In na yi ƙarya kuma, ba wanda zai gaskata, shingen zai tafi, kuma Mama ce za ta ci gaba da zama a unguwar bayan ni na tafi bautar ƙasa. Na same ta tana wanke-wanke, na fara zayyana mata ta wannan gefen da ta wancan gefen. Ta bar ni na yi nisa sannan ta katse ni.

"Ayuba, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, Mama."

"Da na tambaye ka fa?"

Ba ta jira amsata ba.

"To, gobe sadakar uku. In an shafa addu'a duk suna zauren mai unguwa. Ka sa rigarka mai kyau ka je. Ni ba zan shiga zauren maza in yi maka magana ba, ubanka kuma ba ya nan. Bakinka ne zai yi."

Na je. Zauren ya cika har waje, na cire takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa. Na yi ta'aziyya, aka amsa ciki-ciki. Na shirya jawabi mai tsawo a hanya, da gabatarwa da komai, amma da mai unguwa ya ce, "Muna jinka," sai duk ya gudu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaliban nan ba su san hanyar ba. Hedimasta bai sani ba. Coci ba ta da hannu. Ni kaɗai na sani, kuma ban faɗa ba."

Wajen ya ɗauki guna-guni. Wani matashi daga waje ya ce, "Kun ji ko!" Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Tsoro, ranka ya daɗe. Na ji tsoron a ce me ya haɗa Kirista da maganar gawar Musulmi."

Akwai wani tsoho a gefen mai unguwa, Baba Sale, wanda shi ke kula da makarar unguwa kuma shi ke jagorantar haƙan kabari. Siriri ne, bakinsa ja da goro. Ya karkato ya dube ni kamar ya ga sabon abu.

"Kai ɗan Saratu, ranar da aka fito da akwatin ubanka za a kai shi coci, wane ne ya tsaya a tsakiyar titi ya tare motoci har kuka tsallaka?"

Na ce ban lura ba, ranar ba na cikin hayyacina.

"To ni ne. Da wannan sandar. Wani direban tanka har ya zage ni. Ban ji an ce me ya haɗa ni da gawar Kirista ba. Ashe duk karatun nan da aka ce kana yi a Samaru, tsoro aka koya ma?"

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ɗan marigayin, wanda ya tsaya da ubansa a rana, bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce shi dai a kwashe wayar duka, ba ya son ya sake ganinta. Mutane da yawa suka goyi bayansa. Mai unguwa ya fara gyaɗa kai, na ga alamar maganar za ta ƙare a nan: an yafe mini, an kashe shingen. Da a ce ranar farko ce, da na yi godiya na ɗauki takalmina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini duk hukuncin da ya dace, amma shingen kada ya tafi. Ladidi 'yar gidan Malam Hamza har yanzu hannunta a ɗaure yake. Jiya babur bakwai na gani sun ratsa filin. Laifina ne, ba na yaran ba."

"To ya kake so a yi? Ƙofar da makara za ta wuce, ai babur ma zai wuce."

"A bar ƙofar da faɗi, amma a gina matakala a bakinta, hawa biyu sauka biyu. Ƙafa za ta taka, taya ba za ta hau ba."

Aka yi ta muhawara har rana ta take. A ƙarshe mai unguwa ya ce a gwada, bisa sharaɗi biyu: Baba Sale ne zai auna, ba mai zane a allo ba, kuma in aka ga makara tana karkata ko kaɗan, a rushe a kwashe komai.

Abin da ya biyo baya a Samaru ba sai na ja shi ba. Ƙungiya ta zauna ta karɓe littafin magatakarda daga hannuna, aka cire sunana daga takardar yabon da ake ba waɗanda suka yi aikin hutu, wadda a lokacin nake ganin da ita zan nemi aiki. Nasiru ya yi shekara shida bai yi mini magana ba, kuma ina ganin yana da gaskiyarsa. Cikin mutum ashirin, huɗu ne suka yarda su sake taka Muciya, mahaifiyarku tana cikinsu. Mu biyar ɗin muka sake dasa gefen arewa, tsiro bayan tsiro, wannan karon da rana tsaka kowa yana gani.

Ranar awo muka jera bulo a bakin tsamiya ba siminti, don a iya ragewa ko a ƙara. Baba Sale ya sa aka ɗauko makarar daga masallaci. Ya zagaya ta, ya ce makara ba kowa a ciki ƙarya take yi, ba ta nuna karkata. Aka ce a sa buhun yashi. Ya ce yashi ba ya magana. Kafin a ankara ya tuɓe takalmi ya miƙa wa wani sandarsa ya haye ya kwanta, ya harɗe hannu a ƙirji.

Liman ya ce, "Haba Sale, wannan wane irin wasa ne?"

"Allah gafarta Malam, gobe ni ne a ciki ko ina so ko ba na so. Gara in ɗanɗana hanyar tun ina iya ƙorafi."

Mutum uku suka kama, har da ɗan marigayi Malam Idi. Saura kusurwa ɗaya ta baya. Baba Sale ya ɗago kai ya nuna ni. Wani ya fara cewa ai wannan ba Musulmi ba ne, tsohon ya katse shi.

"Ni da raina nake, ina da ikon zaɓen masu ɗaukata. In na mutu ku yi yadda kuka ga dama. Kai, kama."

Na kama. Ban taɓa sanin siririn mutum yana da nauyi haka ba. Muka taka hawa na farko, muka taka na biyu, sai tsohon ya zame ƙafafunsa suka daki kafaɗar na kusa da ni.

"La'ilaha! Za ku zubar da ni tun ban mutu ba! A rage bulo ɗaya, a faɗaɗa wajen takawa."

Aka rage, aka faɗaɗa. Aka kira wani ɗan acaba da ke tsaye yana kallo aka ce ya gwada. Ya ja baya ya taho da gudu, tayar gaba ta daki bulon, babur ya mutu, ya sauka yana ƙunƙuni da Turancin Sabon Gari. Yara suka leƙo ta tagogin aji suna ihu, malamansu suna korarsu.

Muka sake ɗaukar Baba Sale karo na biyu, sannan na uku. Gumi ya jiƙa mini riga, kafaɗata tana zogi, mai unguwa yana tsaye da hannu a baya yana kallon makarar ba ya ko ƙiftawa. A karo na huɗu muka hau lafiya, muna tsakiyar sauka tsohon ya yi gyaran murya. Kowa ya tsaya.

"Matakalar nan ba ta da laifi," in ji shi. "Ɗan Saratu ne yake noƙe kafaɗa, shi yake karkatar da ni. Kai, ɗaga sosai!"

Na ɗaga, muka sauka da shi daidai.